Taron Masoya Ƙagaggun Labaran Kimiyya: Abin da Mai Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Litinin ta farko a watan Satumba ranar hutun ma'aikata ce a Amurka. Tun 1894 gwamnatin tarayyar ƙasar ta ayyana ta, kuma da yake tana manne da Asabar da Lahadi, mutane kan samu kwana uku a jere ba ofis ba makaranta. Wasu su nufi bakin teku, wasu su kai wa dangi ziyara. Amma akwai dubban mutanen da tun bara suka san inda za su yi hutun bana: birnin Atlanta na jihar Jojiya, wurin taron da ake kira Dragon Con, inda masoya ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi ke cika tsakiyar gari daga Alhamis har Litinin. Da aka fara shi a 1987, mutum wajen 1,400 ne suka halarta. A 2019 sun kai kusan 85,000.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan? Abin da ya haɗa mu shi ne 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Ingila, waɗanda abokan karatunsu za su ce musu su zo a tafi tare. Akwai kuma waɗanda ke gida, da suka taso suna kallon finafinan Star Wars da Black Panther, suna ganin hotunan taron a waya suna sha'awa. Sannan ga iyaye, waɗanda in suka ga hoton ɗansu tsaye kusa da wani mai fuskar dodo sai hankalinsu ya tashi. Duka ukun suna bukatar bayani, kuma wanda zai je ya fi kowa bukata, domin taron yana da amfani mai yawa, yana kuma da wuraren da mutum zai iya yin asarar kuɗinsa ko lafiyarsa ko mutuncinsa in ya shiga da ka.

Su dai waɗannan labarai, marubuci ne ke ɗaukar wani abu daga ilimin kimiyya, ko wanda aka riga aka gano ko wanda ake hasashe, ya ce to da a ce kaza ya faru, yaya rayuwar ɗan Adam za ta kasance? Da a ce an gina gari a duniyar Mars, wa zai mulke shi? Da a ce na'ura ta iya tunani, laifinta a wuyan wa yake? Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin tafiya duniyar wata a 1865, fiye da shekara ɗari kafin ƙafar mutum ta taka can a 1969. A waccan shekarar ta 1969 ce kuma littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, ya fito da Hausa, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Wanda ya karanta shi a makaranta ya riga ya ɗanɗana irin wannan adabi, ko da ba a gaya masa sunansa ba.

Asalin tarukan daga wasiƙu ne. A 1926 wani mutum mai suna Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ba ta buga komai sai irin waɗannan labarai. Yana buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu. Yaron da ke wani ƙauye, wanda duk garinsu ba mai karanta abin da yake karantawa, kuma ana yi masa kallon mai ɓata lokaci, sai ya ga ashe akwai irinsa a wasu garuruwa. Suka shiga rubuta wa juna, suka fara buga 'yan ƙananan mujallunsu da injin gurza takarda, daga nan sai sha'awar ganin juna ido da ido. An yi ƙananan haɗuwa a Filadelfiya a 1936 da Leeds ta Ingila a farkon 1937. Babban taro na farko, wanda yau ake kira Worldcon, an yi shi a New York daga 2 zuwa 4 ga Yuli 1939, lokacin hutun ranar 'yancin Amurka, da mutum wajen 200. Cikinsu akwai samari biyu da ba su kai shekara ashirin ba, Isaac Asimov da Ray Bradbury, waɗanda daga baya suka zama manyan marubutan fannin. Bradbury bai ma da kuɗin mota daga Los Angeles, abokinsa Forrest Ackerman ne ya ranta masa. Shi Ackerman ɗin da abokiyarsa Myrtle Douglas su ne suka zo sanye da tufafin mutanen zamani mai zuwa, waɗanda ita ta ɗinka. Daga su al'adar shigar kwaikwayo a waɗannan taruka ta samo tushe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da Worldcon daga 1942 zuwa 1945. Bayan nan ya ci gaba kowace shekara, yana sauya gari: Landan a 1957, Yokohama ta Japan a 2007, Helsinki a 2017, Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, Glasgow a 2024. Shekaru da dama, in a Amurka za a yi shi, a hutun ma'aikata ake sa shi. Mutanen Birtaniya su ma suna da nasu na ƙasa, Eastercon, wanda ke ɗaukar kwana huɗun hutun Ista, daga Juma'a zuwa Litinin.

Dalilin zaɓar lokacin hutu a fili yake. Mahalarta ba attajirai ba ne masu zaman kansu. Malaman makaranta ne, injiniyoyi, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, direbobi, waɗanda ba za su samu kwana uku ko huɗu a jere ba sai gwamnati ta ba da hutu. Manyan otal-otal na tsakiyar birni kuwa 'yan kasuwa da masu taron kamfanoni ne abokan cinikinsu, kuma su lokacin hutu gida suke komawa. Ɗakuna da zaurukan taro sai su zauna ba kowa, mai otal ya yarda ya sauke farashi ga wanda zai kawo masa jama'a. Haka aka faro. Amma a wuri irin Atlanta yanzu abin ya juya, jama'ar ta fi ɗakunan yawa, ga kuma wasannin ƙwallon jami'o'i da ake buɗe kakarsu a wannan ƙarshen mako a birnin, su ma da nasu 'yan kallon.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: mafi yawan tarukan nan ba wasa ba ne da wani ya shirya ka biya ka kalla. Kuɗin da za ka biya ma ba a kiransa kuɗin tikiti, kuɗin zama mamba ake ce masa, kuma ba don ado ake faɗin haka ba. Worldcon da Eastercon ba su da mai su. Ƙungiyoyin masoya na garuruwa daban-daban ke neman a ba su baƙuncin taro, mambobi su jefa ƙuri'a. A Worldcon shekara biyu kafin lokaci ake zaɓar gari. Wanda ya ba ka baji a teburin rajista, da wanda ke jera kujeru, da wadda ke tura keken wani gurgu zuwa zaure, duk sun biya kuɗinsu kamar yadda ka biya, suka kuma sadaukar da hutunsu ba albashi. Aikin gayya ne, kowa da fartanyarsa. Dragon Con shi kamfani ne ke da shi, amma shi ma ba zai kai awa ɗaya a tsaye ba in 'yan sa-kai suka janye hannu. Wanda ya gane haka ba zai ɗaga wa ɗan sa-kai murya don layi ya yi tsawo ba. Zai ma iya zuwa ya ce a ba shi aikin awa biyu ko uku, kuma babu hanyar yin abokai da ta fi wannan sauri ga baƙon da bai san kowa ba.

Mambobin Worldcon ne kuma ke ba da kyautar Hugo, wadda aka fara a 1953 aka sa mata sunan Gernsback, kuma siffarta ta roka ce tsaye a kan gindi. Ba kwamitin farfesoshi ke zaɓa ba, masu karatu ne ke gabatar da littattafan da suka burge su, sannan su jefa ƙuri'a. Da yake amana ce a hannun jama'a, akan samu masu son ha'inci. A Glasgow a 2024 masu kula da zaɓen sun fito fili sun ce sun soke ƙuri'a 377 da suka gano na bogi ne.

To me mutum zai tarar in ya je? A ɗauki Atlanta. Ana yin taron ne a manyan otal biyar da ke kusa da juna, da kuma ginin kasuwar AmericasMart. Uku daga cikinsu, Hyatt da Marriott da Hilton, akwai gadojin gilashi a sama da suka haɗa su, mutum ya ratsa daga wannan zuwa wancan bai taka titi ba. Cikin Marriott fili ne a tsakiya tun daga ƙasa har rufin gini mai hawa kusan hamsin, kuma da dare in ka leƙo daga sama ba ka ganin daɓe sai kawuna. Shirye-shiryen an kasa su fanni-fanni, fiye da talatin, duk suna gudana lokaci guda. A wannan zaure marubuta huɗu suna zaune a kan dogon tebur suna muhawara kan yadda ake gina labari. A na kusa da shi wani masanin taurari yana nuna hotunan da na'urar hangen nesa ta ɗauko, yara suna ɗaga hannu suna tambaya. Can kuma ɗan wasan fim ne ke amsa tambayoyin mutum dubu biyu. Akwai ɗakin wasannin allo da na kwamfuta, akwai baje kolin zane-zane, akwai kasuwar littattafai da tufafi da kayan tarihi. Ranar Asabar da safe ana fareti a kan titin Peachtree, shi wannan kyauta ne, mutanen gari kan fito da 'ya'yansu tun da sassafe su kama wuri a bakin hanya.

Ni a ganina zaurukan kimiyya da na rubutu su ne zuciyar taron, kuma su ne baƙo ya fi saurin wucewa saboda ba su da hayaniya. Ɗalibin injiniya zai iya zama gaban wanda ya yi aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ya yi masa tambaya kai tsaye, ba sakatare ba takardar neman izini. Mai sha'awar rubutu zai ji daga bakin editoci abin da ke sa su karɓi labari da abin da ke sa su ajiye shi a shafi na biyu. A Worldcon da Eastercon akwai wani zama da ake yi na mutum kamar goma da marubuci guda, a kewaye tebur ana shan shayi ko kofi ana hira ta awa ɗaya. Sai dai ka rubuta sunanka da wuri domin gurbin kaɗan ne. Wanda ya ƙare kwana huɗu yana ɗaukar hoto bai shiga ko ɗaya cikin waɗannan ba, gaskiya ya yi wa kansa.

Sai maganar shigar kwaikwayo, wadda ita ce ta fi tayar wa mutanenmu hankali. Ka matsa kusa da mai sulken nan da ke ƙyalli kamar ƙarfe. Ba ƙarfe ba ne, tabarmar roba ce irin ta ɗakin motsa jiki, ya yanka ta da reza, ya gasa ta da iska mai zafi har ta lanƙwashe, ya manna, ya goge, ya shafa fenti sau da yawa, ya sa 'yan ƙananan fitilu da batir a aljihu. Wata shida ko fiye yana wannan aiki bayan ya taso daga ofis. A lungun otal za ka ga wata zaune a ƙasa da allura a baki, tana gyara fiffiken ƙawarta da ya karye a cikin lif, wani da bai san su ba ya tsaya ya miƙa musu gam. Sana'ar hannu ce da nishaɗi. Ba bauta ba ce, ba tsafi ba, kuma wanda ya sa fuskar dodo da la'asar zai cire ta ya ci abinci ya kira mahaifiyarsa a waya. Wata ƙungiya ta masu shigar sojojin Star Wars, mai suna 501st Legion, wadda aka kafa a 1997, ta shahara da ziyartar yara marasa lafiya a asibitoci da tara kuɗin taimako. Kuma ba dole ba ne kowa ya yi shigar. Da yawan mahalarta riga da wando kawai suke sawa, kuma wanda ya zo da kaftani da hula, ko wadda ta zo da hijabinta, ba wanda zai ce musu don me.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, akwai shigar da ta saɓa wa tarbiyyarmu ƙwarai, musamman da dare. Bayan ƙarfe goma yanayin manyan otal ɗin yakan sauya: kiɗa, giya, cunkoso, tufafin da ba su rufe jiki ba. Wasu shirye-shiryen dare na manya ne zalla, ana duba katin shaida a ƙofa. Wanda ya zo da yara ya mayar da su masauki da wuri. Wanda ba ya son wannan yanayi ba abin da ya rasa in ya koma ɗakinsa, ko ya nufi ɗakin wasannin allo ko zauren da ake waƙoƙin masoya fannin da garaya irin tasu, inda ake zaune lafiya har tsakar dare. In an miƙo maka abin sha a wani ɗakin liyafa ka tambaya mene ne a ciki, kuma kada ka ajiye kofinka ka dawo ka ci gaba da sha. Wannan gargaɗi ya fi shafar mata, amma bai bar maza ba. Dokar Amurka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 giya ba, kuma ɗalibin da ke zaune da bizar karatu ya tuna cewa ƙaramar rigima da 'yan sanda tana iya janyo masa abin da ba za ta janyo wa ɗan ƙasa ba.

Kiyaye mutuncin mutane doka ce a rubuce. An sha samun koke-koken mata kan masu taɓa su ko bin su ko ɗaukar su hoto a ɓoye, har a 2013 marubuci John Scalzi ya sanar cewa ba zai ƙara halartar taron da ba shi da rubutacciyar dokar hana cin zarafi ba, marubuta da masoya da yawa suka mara masa baya. Yau kusan kowane taro yana da ita. Ma'anarta a aikace mai sauƙi ce: shigar mutum ba izini ba ce. Kafin ka ɗauki hoto ka tambaya, in an ce a'a ka yi godiya ka wuce. Kada ka taɓa mutum ko kayan da ke jikinsa. Kada ka ɗauki hoton ɗan wani ba da yardar iyayensa ba. Wanda ya karya dokar ana karɓe bajinsa a fitar da shi, kuɗinsa kuma ya tafi. Dokar kuma kariya ce gare ka. In wani ya ci maka fuska saboda launin fatarka ko addininka ko lafazinka, ko wani ya matsa wa 'yar'uwa lamba, kada a haɗiye don kunya ko don ana baƙunta. A nemi ɗan sa-kai ko ofishin tsaron taron a faɗa. Haka nan makamin wasa, takobi ne ko bindigar roba, sai jami'an taro sun duba sun ɗaure shi da alama, kuma kada a kuskura a fita da shi cikin gari ana wasa da shi.

Kuɗi kuwa, a nan ne da yawa ke faɗawa rami. Kuɗin mamba yana hawa ne yayin da lokaci ke matsowa, wanda ya saya tun bara ya fi wanda ya saya dab da taro sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗakunan manyan otal ɗin Atlanta sukan ƙare kusan shekara guda kafin taro, wani lokaci cikin 'yan mintuna da buɗe rajista, kuma sau da yawa kuɗin ajiyar da aka biya ba a mayarwa. Wannan ƙarancin shi ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa: wani zai fito a Facebook ya ce yana da ɗaki ko baji na sayarwa, ka tura kuɗi ya ɓace. Baji daga shafin taron kawai ake sayensa, kuma da katin shaida mai hoto ake karɓa. Wanda bai samu ɗaki a tsakiyar gari ba ya nemi masauki kusa da layin jirgin ƙasa na MARTA, wanda ke tasowa tun daga filin jirgin sama ya tsaya a tashar Peachtree Center, tsakiyar wurin taron. Sa hannun ɗan wasan fim da ɗaukar hoto da shi ba sa cikin kuɗin mamba, kowanne da farashinsa, kuma na shahararru yana da tsada. Marubuta su galibi kyauta suke sa hannu a littafi. Kasuwar taron tana da jan hankali, komai ka gani sai ka ji kamar ba za ka ƙara ganinsa ba. Ka yanke abin da za ka kashe tun daga gida, ka zaga kasuwar ranar farko ba ka sayi komai ba, washegari ka koma wa abin da har yanzu ke ranka.

Tsofaffin mahalarta suna da wata ƙa'ida da suke gaya wa sababbi: kowace rana aƙalla barcin awa biyar, abinci sau biyu, wanka sau ɗaya. Ba su faɗe ta a banza ba. Shirye-shirye ba sa tsayawa dare da rana, mutum sai ya ga kamar in ya kwanta zai yi asara, rana ta uku sai jiri ya kwashe shi a layi. Ƙarshen Agusta da farkon Satumba Atlanta na da zafi mai gumi, ma'auni kan kai 30 ko ya wuce, cikin otal kuma sanyin na'ura, ana fita ana shiga. Gorar ruwa, takalmi mai taushi wanda ƙafa ta saba da shi, da abin cajin waya na aljihu sun fi kowace kwalliya amfani. Layin lif kan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma masu keken guragu da tsofaffi su ake fara bari su shiga. Sannan dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suna shaƙar iska ɗaya, ba mamaki da yawa su koma gida da mura da tari. Abin ya zama sananne har suna da sunan da suke kiransa. Annobar korona ta sa a 2020 ba a haɗu ba sai ta intanet. A yawaita wanke hannu, wanda ya ji zazzaɓi ya zauna a ɗaki don Allah kada ya raba wa jama'a. Mai ciwon suga ko hawan jini ko sikila ya riƙe maganinsa a jikinsa, ba a akwatin da ke masauki ba. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa kuma kada ya taka Amurka ba inshorar lafiya, domin kwana ɗaya a asibitinsu yana iya cinye abin da ya fi kuɗin tafiyar gaba ɗaya.

Akwai wata al'ada da nake ganin ta cancanci yabo. A Worldcon na 1976 a Kansas City, marubuci Robert Heinlein, wanda jinin da wasu suka bayar ya taɓa ceton ransa, ya jagoranci ba da gudummawar jini a wurin taron. Abin ya ɗore. A Dragon Con dubban mutane ke ba da jini kowace shekara, wasu da fentin fuska da fukafukansu a kwance a kan gado ana ɗiba. Wanda ya fito daga ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro ba da jimawa ba, wataƙila su ce ya dakata. Dokar lafiya ce, ba wulaƙanci ba.

Ibada tana bukatar shiri tun kafin a tashi. Juma'a na cikin kwanakin taron. A Atlanta akwai masallatai, ciki har da Masallacin Al-Farooq da ke titi na 14, arewa da tsakiyar gari. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe takwas na dare, don haka a duba jadawalin salla na birnin, kada a yi aiki da na gida. Wasu taruka kan keɓe ɗakin shiru da za a iya salla a ciki, a tambaya a teburin bayani. Abinci kuma a tambayi abin da aka sa, domin naman alade kan shiga inda ba a zata ba. Kifi da kayan lambu sun fi kwanciyar hankali in ba a samu na halal ba. Mai zuwa Eastercon ya duba kalanda: a 2022 da 2023 da 2024 duk cikin azumin Ramadan Ista ta faɗo. Kirista kuma ya san cewa Lahadin Ista tsakiyar taron take, sai ya nemi cocin da ke kusa tun da wuri.

Wanda zai taso daga gida takanas, biza ita ce babban shinge, kuma dokokin shiga Amurka sun ƙara tsauri ga ƙasashenmu a 'yan shekarun nan. Kada a biya kuɗin jirgi ko na otal da ba a mayarwa sai biza ta fito. Kada a saurari dillalin da ya ce zai haɗa takardar gayyata ta bogi da sunan taro. Wanda aka kama da ƙarya a ofishin jakadanci yana iya rufe wa kansa ƙofa har abada, ya kuma ƙara wa na bayansa wahala.

Kada kuma a ɗauka fagen na Turawa ne kaɗai. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, ta ci Hugo a 2016 da gajeren littafinta Binti. N. K. Jemisin, baƙar fatar Amurka, ta ci kyautar Hugo ta babban littafi shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin ita. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, labarin da ya gina a Najeriya ta nan gaba. Oghenechovwe Donald Ekpeki, yana zaune a Najeriya, ya ci kyautar Nebula a 2022. A gida akwai mujallar Omenana da aka kafa a 2014, da kyautar Nommo ta marubutan Afirka da aka fara bayarwa a 2017, da taron Lagos Comic Con da ake yi tun 2012, wanda zuwa wurinsa ba ya bukatar biza.

Wanda ba shi da halin tafiya ko'ina ma yana da ƙofa. Worldcon na sayar da ƙaramar rajista, wajen dala 50 a shekarun nan, wadda ba ta ba da damar shiga zaure amma tana ba da damar gabatar da littafi da jefa ƙuri'ar Hugo ta intanet, daga Kano ko Damagaram ko Kumasi. Galibi akan tura wa masu ƙuri'a da yawa daga cikin ayyukan da suka kai zagayen ƙarshe su karanta a waya ko kwamfuta. Dokar kyautar kuma ba ta ce sai an yi rubutu da Turanci ba. Littafin Liu Cixin da ya ci a 2015 da Sinanci aka fara rubuta shi, Ken Liu ya fassara. Aikin da ya fito da wani harshe yana da damar shiga a shekarar da ya fito, yana kuma da wata damar a shekarar da aka fara buga fassararsa da Turanci, kuma wannan ya haɗa da wanda aka rubuta da Hausa.